Ni Na Ce a Yanke Farfela

Akwai wani labari da kuke bayarwa a kan babanku, kuma na gaji da jin sa. A Kirsimetin da ya wuce ina zaune a tabarma ina ɓare gyaɗa, na ji yayanku Ishaya yana gaya wa jikokina wai kakansu mutum ne mai son wasa da ƙarfe, ya cire injin motar da za ta kai uwarsa gida ya sa wa wata jar motar Bature, har tsohuwa ta mutu a Kafanchan ba ta ga ɗakinta ba. Yaran suka yi dariya a wajen kwanon da aka kifa a kan bonet, suka yi shiru a wajen mutuwar. Ni kuma na ci gaba da ɓare gyaɗata. Fiye da shekara arba'in ke nan, duk lokacin da aka taso da maganar nan sai hannuna ya sami abin yi. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba, amma kowa a garin nan ya san ba a kayar da ni a magana. Sau biyu kawai bakina ya mutu a inda ya kamata ya buɗe. Shi ya sa na sa a rubuta wannan yadda na faɗa, kada a gyara mini, kada a rage.

Babanku fita ne, wato makanike, ya yi shekaru yana gyaran kan jirgin ƙasa kafin ya bari ya buɗe garejinsa a ƙarƙashin mangwarorin bayan gidanmu. Oga Fita ake ce masa. Mutum ne marar yawan magana, in ya kara kunnensa a jikin inji sai ya gaya maka abin da ke damun sa, amma in ka tambaye shi abin da ke damun sa shi kansa, sai ya ce babu. Muna da mota biyu a lokacin, in za a kira ta biyun mota. Ta farko tsohuwar akori-kura ce fara, ita ke ciyar da mu. Da ita muke ɗauko citta daga Kwoi, ni ke saye ina sayarwa, kuma a baya nake zama a kan buhuna domin gaban na dattawa ne da fasinja. Ta biyun kuwa wani Bature injiniya ne ya bar wa babanku da zai koma ƙasarsu, bayan injinta ya buga an rasa kayan gyaransa. Ja ce wur, kujera biyu kacal, ba ta da rufi sai wani tamfol da ake ja, doguwar gaba gare ta, cikinta kuma kusan yana lasar ƙasa. Shekara uku tana zaune a gindin mangwaro kajina suna ƙwai a cikinta.

A shekarar da nake magana, bayan girbi aka kawo mana Mama, uwar babanku, daga ƙauyenmu da ke can bayan Fadan Kaje. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Muka yi ta zuwa asibiti har likita ya kira babanku gefe ya ce zuciyarta ce ta gaji, a kai ta gida a ba ta abin da take so. Abin da take so kuwa ɗaya ne, ɗakinta. Ta ce ruwan famfonmu ɗanɗanon ƙarfe yake yi, ta ce kukan jirgi yana tsinka mata tunani, ta ce tana so ta kwanta a inda ta haifi 'ya'yanta a binne ta kusa da mijinta bayan ta yi sallama da mutanenta da bakinta. Ana cikin shirin tafiyar ne akori-kura ta karya aksul, wato ƙarfen da tayoyin baya ke juyawa a kansa, a hanyar Kwoi da lodin cittata. Aka jawo ta gida, aka aika Jos a samo wani. Ku da kuka taso kuka ga kwalta ba za ku gane ba. Ƙananan motocin haya a Fadan Kaje suke tsayawa. Daga nan zuwa ƙauye rafi biyu ne da duwatsu, mota mai tsayi ce kawai ke wucewa, kuma in damina ta zauna rafi ya kawo, ko ita ba ta wucewa. Kullum da safe Mama za ta tambayi ɗanta da yarenmu ko an gyara motar, shi kuma ya ce saura kaɗan, zai kai ta kafin rafi ya kawo.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cikina a lokacin. Shekarar ce da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, malaman makaranta suka sayi babura, hedimasta ya sayi mota. A zumuntar mata ta majami'armu ni ke ba da waƙa, babu waƙar da ban riƙe a kaina ba, in na ɗaga murya har bakin titi ake ji. Amma littafi yana hannun Malama Rifkatu, matar hedimasta, don haka ita ke zama a gaba. A babban taron zumunta na shekarar da ta gabata, a Kagoro, na sauko daga bayan akori-kura da sabon zanena, ta matso ta rungume ni a gaban matan majami'u biyar, sannan ta ja da baya ta taɓa hancinta.

"Maman Ishaya ta iso. Ko ba ku gan ta ba hancinku zai gaya muku. Wa ke son citta a kununsa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na ɗauki maganar nan na goya ta shekara guda, ina ba ta abinci tana girma. Da taron ya sake matsowa, bayan Ista, sai wata rana na fito shanya na ga motocin nan biyu gefe da gefe, ɗaya da lafiyayyen inji babu ƙafa, ɗaya da ƙafa huɗu babu inji. A nan tunanin ya shige ni, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, nawa ne.

Ban faɗa wa babanku kai tsaye ba, na san inda ake taɓa shi. Na yi masa faten acca, na zauna kusa da shi ina cewa abin tausayi ne inji mai kyau ya zauna yana tsatsa. Washegari na ce na ji ana gardama a kasuwa wai babu makaniken da zai iya sa injin akori-kura a motar Bature ta tashi, ko a Kaduna. Babu wanda ya yi gardamar nan, ni na ƙirƙira. Ya ce injin ya yi mata girma. Na ce haka su ma suka ce, wai ko Oga Fita ba zai iya ba. Na ga ya ajiye cokali yana kallon waje. A rana ta uku na ce ai aro ne kawai, mako guda, a je Kagoro a dawo a mayar da inji wurinsa kafin aksul ya iso, wa aka cuta? Ya ɗauki igiyar awo ya fita.

Ya kira abokin aikinsa, Malam Ɗanjuma mai walda, wanda kakanninsa suka daɗe da rumfa a kasuwar Kafanchan. Mutum ne mai barkwanci, Uwargida yake ce mini. Suka rataya sarƙa a reshen mangwaro suka zaro inji da giyabos ɗinsa daga akori-kura, suka sauke a cikin jar motar, gabanta ya durƙusa kamar akuya mai shan ruwa. Malam Ɗanjuma ya zagaya ta sau biyu ya ce shi dai bai taɓa ganin an sa wa ɗan maraƙi zuciyar bijimi ba, amma tunda Oga Fita ya ce, wutarsa tana nan. Kwana shida suna abu ɗaya. Mazaunin injin bai dace ba, suka ƙera wani. Lagireto ya yi faɗi, suka karkata shi. Giyar akori-kura a jikin sitiyari take, ta jar motar kuma a ƙasa, sai suka yanko sanduna daga wani tsohon gadon ƙarfe suka haɗa, giyar ta fito a juye, inda ta ɗaya take nan ribas ya koma. Bonet ya ƙi rufuwa domin injin ya yi tsayi, suka huda shi suka kifa kwanon kwaɓa siminti a kan ramin suka yi masa walda, aka shafa jan fenti. Masu wucewa suka fara tsayawa, 'yan gareji na tasha suka riƙa zuwa kallo suna musu. Ni kuma ina kai musu kunun zaƙi ina jin kaina yana kumbura. Duk abin da suka yi har zuwa nan, ana iya kwancewa a mayar.

Ranar Alhamis da tsakar rana, saura kwana biyu taro, ina kicin ina tuƙa tuwo sai inuwa ta rufe ƙofar. Babanku ne, da wani dogon bututun ƙarfe a kafaɗa. Farfela ke nan, ita ke ɗaukar ƙarfin inji daga giyabos ta kai wa tayoyin baya. Mama tana kwance a tabarma a inuwar bango, taku uku daga inda muke, idonta a rufe. Da Hausa ya yi mini magana, ba da yare ba, kuma a hankali, domin mun ɗauka Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ce farfelar jar motar bakinta bai shiga wannan giyabos ba, ta akori-kura ce kawai ke shiga, ita kuma ta yi tsayi da kamu ɗaya da rabi.

"Maman Ishaya, nan ne aro ya ƙare. In na yanke ta, ba ta komawa akori-kura. Sai an samo wata, ban kuwa san ranar samun ta ba."

"Aksul ɗin ma ai bai zo ba."

"Zai iya zuwa gobe."

"Zai iya kai wata guda."

Ya juya ya dubi uwarsa. Na ga ya fara sauke ƙarfen daga kafaɗarsa, na san in ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, zan koma Kagoro a bayan motar wani. Ban daina tuƙa tuwon ba, ban ma dube shi ba.

"Ka tara garin nan kaf sun ga ka fara. Yanke."

Ya tsaya kaɗan, sannan inuwar ta bar ƙofar. Ba a jima ba na ji zarto ya kama ƙarfe. Ya daɗe yana yi, domin ƙarfe ne mai kauri. Na ƙara wa murhu itace don kada in ji, amma ana ji.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Da a ce abin ya lalace a hanya, da na sami inda zan ɓoye kunyata, in ce Allah ya hukunta ni tun a ranar. Bai lalace ba. Motar ta tashi da wata irin ƙara da ta sa karnukan unguwa gudu. Ranar Asabar na ɗaura zanen zumunta, na kafa ɗankwali na ɗaure shi da kyau saboda iska, na zauna a kujerar da matar Bature ta taɓa zama. Zafin injin yana gasa mini tafin ƙafa ta ƙasa, ban ko motsa ba. Muka wuce babura, muka wuce motar hedimasta a hawan da ke kusa da Kagoro, na ga Malama Rifkatu ta taga, ban ɗaga hannu ba. Da muka shiga filin majami'a waƙar da ake yi ta tsaya da kanta. Mata suka kewaye mu suna guɗa, fasto ya fito yana shafa kwanon siminti yana tambaya ko haka Turawa ke yin ta. Da Malama Rifkatu ta iso, ita da kanta ta roƙe ni ta ɗan zauna a ciki. Na ce ta zauna, amma ta yi haƙuri da warin citta. Ranar na ba da waƙa kamar ba zan sake ba. A shekarar aka zaɓe ni mataimakiyar shugaba, kujerar da na riƙe shekara goma sha ɗaya kuna alfahari da ita. Yanzu kun san da me aka saye ta.

Ranar Litinin aksul ya iso daga Jos.

Da farfela tana nan ba a yanke ba, kwana biyu ya isa a mayar da inji a ɗaura aksul, ranar Alhamis Mama tana ɗakinta. Babanku ya kwance injin a ranar, suka mayar da shi akori-kura. Malam Ɗanjuma ya yi ƙoƙarin jona guntun da aka cire, ya ɓata yini yana gwadawa yana juyawa, amma ƙarfen da aka jona wuri biyu ba ya tafiya daidai. Da aka tayar da motar, tana fita daga gareji ta kama rawa kamar za ta watse, kafin kwanar unguwa jonin ya balle. Babanku ya hau jirgi ya tafi Kaduna, babu. Ya tafi Jos, babu. Aka ba wani ɗan kasuwa saƙo zuwa kudu, ya ce mako uku. A cikin makon nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas kullum da yamma, aka yi ruwa biyu masu ƙarfi. Mama ta daina tambaya ko an gyara motar. Ta koma tambayar ko an yi ruwa a gida.

Da abin ya ishe shi, babanku ya sake zaro injin ya mayar wa jar motar, shi da Malam Ɗanjuma, wannan karon babu mai barkwanci, babu 'yan kallo. Ya san cikinta ba zai haye duwatsun nan ba, amma ya ce ko Fadan Kaje ce su kai, daga nan a nemi maza su ɗauke ta a kan gado. Muka tallafo Mama mu biyu har bakin motar. Ƙafafunta ba sa lanƙwasuwa, kujerar kuma tana can ƙasa, sai an zura mutum kamar ana saukar da shi. Ta tsaya ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallo.

"Ba za ku sa ni a rami da raina ba. Ku mayar da ni tabarmata."

Muka mayar da ita. Babanku ya bi duk mai doguwar mota a garin. Masu manyan motoci suka ce ba sa shiga hanyar nan da ruwa a ƙasa. Wani Alhaji mai sayen citta, abokin cinikina, ya ce akori-kurarsa tana Kwoi da lodi, ranar Juma'a za ta dawo, a ɗauka kyauta, shi ma yana da uwa.

Ranar Laraba da hantsi ina ba Mama kunu da ludayi, daga ni sai ita. Ta sha kaɗan ta kawar da kai. Sai ta kama hannuna, ta yi mini magana da Hausa, Hausa sosai, irin wadda ban taɓa ji a bakinta ba.

"Matar ɗana, taron ya yi daɗi?"

Na ce ya yi, Mama.

"To, madalla. Ranar nan na ji zarto. Na kuma ji wanda ya yi magana kafin zarto." Ta huta, numfashinta yana fita da ƙyar. "Ni ba zan faɗa ba. Kina da baki, duk garin nan an sani. Ke za ki faɗa."

Na durƙusa na ce ta gafarta mini. Ta ce ita ta gafarta, ta miƙa hannu in ƙara mata kunu. Ranar Alhamis da safe, rana ta ɗan ɗaga, ta cika. Motar Alhaji ta zo ranar Juma'a kamar yadda ya yi alkawari, ita ta kai ta gida, a kwance a baya inda na saba zama, matan zumunta sun kewaye ta, ni ke ba da waƙa. Rafi na biyu ya kai wa maza gwiwa, da turi muka haye.

A wajenmu, kwana ɗaya bayan an binne tsoho, dangi sukan zauna a gindin itace, maza a gaba, matan gida a baya. Babban gida yakan tambayi yadda kwanakin ƙarshe suka kasance, duk mai wata magana tsakaninsa da mamaci ya fito da ita a fili a wanke, kada a tashi da ita. Baba Dauda, yayan babanku, shi ne babba. Labarin jar mota ya riga mu isa ƙauye, har da kwanon siminti. Baba Dauda ya ce uwarsu ta aiko sau uku tana so ta zo ta yi sallama, tsofaffin ƙawayenta sun share ɗakinta suna jira, yana so ya ji wanda ya cire zuciyar motar da za ta kawo ta. Babanku ya miƙe ya cire hularsa ya ce shi ne. Aka tambaye shi dalili, ya ce yana so ne ya ga ko zai iya. Wani kawunsu ya tofar da yawu. Sai Baba Dauda ya ɗago kai ya dubi bayan taro, domin shi ba yaro ba ne, ya san wadda aka gani a Kagoro.

"Matar ƙanena, ke kina gidan. Kina da magana?"

Kowa ya juyo. Ina jin maganar a maƙogwarona, a shirye take, kalma uku ce. Na ga matan gidan da na saba yi wa faɗa, na tuna kujerar da ake shirin ba ni. Na dubi ƙasa.

"Ba ni da magana, Baba."

Baba Dauda ya yanke cewa mutumin da ya fifita wasa a kan uwarsa ba zai zauna cikin masu yanke shawarar gida ba. Haka aka yi. Shekara ashirin da wani abu, ana raba gona, ana karɓar kayan aure, ana sulhu, babanku yana zaune a gefe tare da samari, ba a tambayarsa. Mai Jar Mota suke kiransa, har yaran da aka haifa bayan motar ta ruɓe. Bai sake tayar da ita ba. Da farfela ta iso daga kudu ya mayar wa akori-kura injinta, jar ta koma wa kaji. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ko da muna faɗa, ni kuwa mun yi faɗa da yawa domin ban iya barin magana ta wuce ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa shi makanike ne, shi ya riƙe zarto, da ya ƙi. Gaskiya ne, da ya ƙi. Amma ya zo ƙofata da ƙarfen a kafaɗa yana neman wanda zai taya shi ƙi, ni kuma na tura shi.

Na biyun kai ne, Ishaya, kuma na san ka tuna. Lokacin da ka so ka bar makaranta ka bi motar haya babanka ya hana, ka tsaya a tsakar gida ka ce masa wanda ya bar uwarsa ta mutu saboda mota ba shi da bakin yi maka faɗa a kan mota. Ina bakin rijiya da guga a hannuna. Babanka ya dube ni, sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai tambaya ko yau ce ranar. Na zura guga a rijiya. Ya shiga ɗaki. Ka yi shekaru kana jin nauyin maganar nan, na sani, har ka mayar da ita labarin dariya don ta yi maka sauƙi. Ba kai ka ƙera ta ba, ni na bar maka ita a hanya ka tsinta.

Kun san guntun bututun ƙarfen da ke tokare ƙofar kicin ɗina, wanda kowannenku ya yi tuntuɓe da shi yana yaro, wanda 'yar'uwarku Saratu ta so ta ba masu sayen gwangwani na kusa cinye ta. Shi ne kamu ɗaya da rabin da aka cire. Mako biyu bayan mun dawo daga ƙauye iska tana ta buga ƙofar, babanku ya kawo shi ya tokare ta ya tafi. Na ɗauka hukuncina ke nan, in gan shi kullum in zan ɗora tukunya, na kuma karɓa. Sai da yana kwance a ciwonsa na ƙarshe na yi ƙarfin halin tambayarsa ko don ya tuna mini ya ajiye shi a nan. Ya yi tunani sosai, kamar yadda yake yi in an kawo masa inji.

"A'a. Tsayinsa ne ya yi daidai da ƙofar."

Na ce masa zan faɗa wa dangi. Ya ce in bari, abin ya wuce, kada in zubar da girmana a banza. Na kuwa ji daɗin da ya ce haka, na bari, ya tafi da sunan da ba nasa ba. Wannan ma ku rubuta.

Baba Dauda ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa suna nan, itacen ma yana nan. In an yi zaman gida na gaba, Ishaya, kai za ka kai ni, kai kuma za ka karanta wannan da ƙarfi, da Hausa sannan ka juya da yare saboda tsofaffi. Kada ku ajiye ni a baya cikin mata, ku sa mini kujera a inda kowa zai ga fuskata. An yi mini tambaya a gindin itacen nan na ce ba ni da magana. Ina da ita. Ni na ce a yanke.